A BAR WA MA'AIKACI GURBIN DA ZAI FAƊI DALILI

Wannan fili zai duba wani al'amari a wannan mako wanda a ido ƙarami ne, amma kuwa abincin mutane da yawa yana rataye da shi. Al'amarin ya shafi irin rahoton nan na kwamfuta wanda manyan kamfanoni da bankuna da ma'aikatun gwamnati suke dogara da shi wajen yanke shawara. Tambayar ita ce, shin ya kamata a bar wa ƙaramin ma'aikaci wani gurbi a cikin wannan rahoto inda zai rubuta magana irin tasa, watau ba lamba ba, ba kuma zaɓi daga cikin jerin amsoshin da aka riga aka shirya masa ba?

Duk wanda ya shiga hedkwatar wani babban kamfani a Legas ko Abuja ko Fatakwal a 'yan shekarun nan ba zai rasa ganin wani allo a ofishin manaja ba, cike da zane-zane da jadawali masu launi. Yadda abin yake aiki shi ne, kowane dare kwamfuta takan kwaso lissafin ciniki daga dukan rassan kamfanin, ta zuba shi a rumbu guda, ta tace, ta tara, sa'an nan kafin gari ya waye ta fito da shi a kan allo. Reshen da cinikinsa ya hau sai ya fito da kore, wanda ya faɗi kuwa ya fito da ja. Manhajojin da aka fi yin wannan aiki da su sun haɗa da Power BI na kamfanin Microsoft, wanda ya fito kasuwa a 2015, da Tableau, da Qlik. Sunan da Turawa suka ba wannan fanni, in an juya shi da Hausa, shi ne basirar kasuwanci. Ba mai musun amfaninsa, gama lissafin da a da akawu goma za su yi makonni suna haɗawa, yanzu manaja yana ganinsa kafin shayinsa ya huce.

Amma fa akwai wani naƙasu a cikin abin. Akasarin waɗannan alluna an gina su ne domin kallo kawai. Lamba tana tashi daga Gusau ko Yola ta isa Legas cikin dare ɗaya, amma mutumin da ya san abin da ya sa lambar ta zama haka ba shi da inda zai sa bakinsa a jikinta. Ko da shi ma an ba shi ikon buɗe allon, iyakarsa ya ga reshensa ya yi ja, ya rufe.

LITTAFIN DA YANA DA GURBIN

Dattawan da suka yi aikin akawu a zamanin En'e, ko a kantunan U.A.C. da John Holt, za su tuna cewa kusan kowane babban littafi na ofis yana da wani gurbi a ƙarshen layi, can hannun dama, wanda aka keɓe domin ƙarin bayani. Littafin makaranta yana da shi, haka na ɗakin shan magani, haka na sito. A nan ne malamin makaranta yakan rubuta cewa yaran ƙetare ba su zo ba domin kogi ya kawo, a nan ne kuma mai sito yakan rubuta cewa buhu kaza ruwa ya taɓa su. Wanda ya je ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ya duba rahotannin shekara-shekara na larduna, zai tarar jadawalin haraji da jangali ba ya tafiya shi kaɗai. Akan bi shi da bayani a rubuce, ko fara ce ta sauka ta cinye amfanin gona, ko ciwon bushiya ne ya shiga garke.

Wani abin lura kuma shi ne, mutumin da ake yawan ambata cikin waɗanda suka aza harsashin wannan fanni, rubutacciyar magana ce ya sa a gaba. Sunansa Hans Peter Luhn, haifaffen Jamus, ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, shi ne kuma ya ƙago dabarar lissafin nan da ake gane ko an yi kuskure wajen buga lambar katin banki. A watan Oktoba 1958 ya buga wata maƙala a mujallar bincike ta IBM inda ya bayyana wani tsari wanda na'ura za ta riƙa karanta takardun ma'aikata, ta taƙaita su, ta gane wanda ya kamata ya san abin da ke ciki, ta aika masa. Sai dai kwamfutocin shekarun da suka biyo baya sun fi gwaninta wajen tarawa da ɗebewa, wurin ajiya a cikinsu kuma yana da tsada ƙwarai. Saboda haka da aka zo mayar da littattafan ofis cikin na'ura, sau da yawa gurbin ƙarin bayani ne akan fara ragewa, in kuma an bar shi a fom ɗin reshe, ba a ɗauko shi zuwa allon manaja.

ABIN DA LAMBA BA TA IYA FAƊA

Lamba tana iya nuna cewa abu ya faru, da ranar da ya faru, da yawansa. Abin da ya jawo shi kuwa sai an tambayi mutum. A ɗauki misali mai sauƙi da watan azumi. A 2023 an ɗauki azumi a Nijeriya ran 23 ga Maris, a 2024 ran 11 ga Maris, a 2025 kuwa ran 1 ga Maris. Kwamfutar da aka umurta ta gwada cinikin sukari da madara na watan Maris da na Maris ɗin bara, za ta nuna wa manaja kore shekara biyu a jere, har ya zaci wakilinsa na Kano gwani ne. Tun da yake kuwa azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, tilas ne wata rana ya fita daga Maris ya koma Fabrairu, allon ya juya ja, a ce wakilin ya yi sanyi, alhali kuwa mutumin bai sake kome ba a aikinsa.

To, shi wannan ana iya maganinsa ba tare da an tambayi kowa ba, domin abu ne sananne tun kafin ya zo, ana iya koya wa na'ura kalandar Musulunci. Wahalar tana ga abin da ba wanda ya shirya masa. A watan Satumba 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, an kuma rufe kasuwannin mako-mako. Reshen da ke can wanda ya fito da sifiri a kan allo, sifirinsa yana iya nufin ba a yi ciniki ba, yana kuma iya nufin an yi ciniki amma babu hanyar aiko da lissafi. Waɗannan abubuwa biyu sun sha bamban ƙwarai, amma a kan allo kamanninsu ɗaya. Haka kuma a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi wanda ya durƙusar da ciniki a kasuwannin ƙauye har zuwa watan Maris. A lokacin kowa ya san dalili. Amma bayan shekara biyar ko shida, sa'ad da wani saurayi sabon ɗauka zai zauna ya ja layin ciniki na shekarun baya domin ya yi kirdadon na gaba, ramin da zai gani a Fabrairu 2023 ba zai gaya masa kome ba in ba a rubuta a jikinsa ba.

Waɗannan ma manyan al'amura ne da jaridu suka buga. Akwai ƙanana waɗanda ba mai jin su sai wanda ke wurin: gada ta karye motoci suna zagaye, gobara ta ci layin 'yan sari a kasuwa, babban dilan gari ya rasu ba a raba gado ba tukuna, ko abokin hamayya ya karya farashi a gari ɗaya tak. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wakilin da ke wurin ya san abin da ya tsamar da shi.

A halin da ake ciki, irin wannan bayani yakan bi ta wayar tarho, ko saƙon WhatsApp, ko a faɗe shi da baki a taron wata-wata. Wani kuma yakan kwafe jadawalin ya zuba a Excel, ya rubuta bayaninsa a gefe, ya aika wa maigidansa shi kaɗai. Ran da aka yi wa manajan canjin wurin aiki, bayanin ya tafi da shi, lambar kuwa tana nan a rumbu har abada. Da wannan lamba marar bayani ake rubuta wa mutum takardar tuhuma, da ita ake hana shi ƙarin girma, da ita kuma ake yanke shawarar rufe reshe a sallami ma'aikata. Kamfanin ma ba ya tsira, gama wanda bai san dalilin faɗuwar ciniki ba yana iya rage kayan da yake aikawa gari daidai lokacin da aka gyara gada, masu saye suka dawo.

DARASI DAGA JIRAGEN SAMA

Wasu masu tsara rahoto sukan ce ai sun yi maganin wannan, tun da sun ba ma'aikaci jerin dalilai ya zaɓa: ƙarancin kaya, lalacewar mota, hutun gwamnati, da sauransu. Wannan yana da kyau gwargwado. Sai dai jerin dalilai ba ya ƙunsar kome sai abin da mai tsara shi ya riga ya sani a ranar da ya tsara. Sabon abu, wanda shi ne ya fi kowane haɗari, ba shi da gida a cikin jerin, saboda haka yakan faɗa cikin kalmar nan ta ƙarshe, watau "Sauransu", ya ɓace a can. Wurin da aka fi koyon wannan darasi da tsada shi ne harkar jiragen sama ta Amurka.

Ran 1 ga Disamba 1974 jirgin kamfanin TWA mai lamba 514, ƙirar Boeing 727, yana kan hanyarsa ta zuwa Washinton, sai iska mai ƙarfi ta sa aka karkatar da shi zuwa filin jirgin sama na Dulles. Mai ba jirage hanya ya gaya wa matuƙan cewa an ba su izinin shirin sauka. Su matuƙan suka ɗauki maganar a kan cewa suna iya yin ƙasa nan take zuwa ƙafa 1,800. Shi kuwa mai ba da hanya ya ɗauka za su tsaya a tsawon da taswira ta ƙayyade har su wuce duwatsu. Jirgin ya daki wani dutse da ake kira Mount Weather a Jihar Bajiniya, dukan mutum 92 da ke ciki suka rasu.

Da aka zo bincike sai aka gano cewa mako shida kafin wannan haɗari, wani jirgin kamfanin United ya yi irin wannan kuskure a kan wannan hanya, ya tsallake rijiya da baya. A jadawalin lissafi, wannan jirgi ya tashi lafiya ya sauka lafiya, babu abin da zai ja hankalin kowa. Amma matuƙansa sun zauna sun rubuta labarin abin da ya faru, a ƙarƙashin wani shiri na kamfaninsu wanda ba a bayyana sunan mai ba da rahoto, kamfanin kuma ya gargaɗi nasa matuƙa. Abin baƙin ciki, a lokacin babu wata hanya da labarin zai ƙetara zuwa sauran kamfanoni, saboda haka matuƙan TWA ba su ji shi ba.

Bayan wannan ne, a watan Afrilu 1976, aka kafa wani shiri na ƙasa baki ɗaya domin karɓar irin waɗannan rahotanni, aka danƙa shi a hannun hukumar NASA, domin ita ba ta da ikon hukunta matuƙi ko ƙwace masa lasin. Fom ɗin yana da gurabe na zaɓi, kamar irin jirgi da yanayin sama, amma zuciyarsa ita ce babban filin da aka bari inda matuƙi ko makaniki ko mai ba jirage hanya zai ba da labari yadda ya ga dama. Tsofaffin ma'aikatan jirgi waɗanda suka san aikin su ne suke karantawa. Sukan cire sunan marubuci, in sun ga haɗari su aika wa hukumar da abin ya shafa gargaɗi, kuma kowane wata sukan fitar da wata 'yar takarda mai suna CALLBACK da ke ɗauke da darussa daga rahotannin. Wanda ya ba da rahoto cikin kwana 10, in kuskurensa ba na ganganci ba ne kuma ba laifi ne na shari'a ba, akan ɗauke masa hukunci bisa wasu sharuɗɗa. Rahotannin da aka tara sun haura miliyan ɗaya tun tuni.

Abu biyu ne ɗan kasuwa zai ɗauka daga nan. Rubutawa kaɗai ba ta isa ba, sai labarin ya isa ga duk wanda yake bin wannan hanya. Sa'an nan mutum ba ya rubuta gaskiya a wurin da ya san za a ɗauki rubutunsa a doke shi da shi.

HUJJAR MASU ƘIN GURBIN

Injiniyoyin da suke ƙin buɗe wannan gurbi ba don rashin tunani suke ƙi ba, ya kamata a saurari hujjarsu. Ta farko ita ce, magana ba ta taruwa kamar lamba. In an bar mutum ashirin su rubuta sunan Dutsin-Ma da hannunsu, za a sami rubutu iri huɗu ko biyar, kwamfuta kuwa za ta ɗauka garuruwa biyar ne. Sunan Muhammadu ma haka. Wannan gaskiya ne, kuma abin da yake nunawa shi ne duk abin da za a ƙidaya, kamar sunan gari da sunan kaya da kwanan wata, lalle ne a zaɓe shi daga jeri. Gurbin magana aikinsa dabam ne.

Ta biyu ta shafi yadda aka gina rumbun. Sau da yawa abin da allon yake nunawa kwafi ne wanda ake sharewa a sake zubawa kowane dare, don haka duk abin da aka rubuta a cikinsa ba zai kwana ba. Bugu da ƙari, darajar rumbun ita ce kowa ya amince ba a taɓa lambar da ke ciki, in kuwa aka buɗe ƙofar rubutu ba da lura ba, mugun da ya san kan na'ura yana iya buga umurni a madadin magana, ya saci bayani ko ya ɓata lissafi. Wannan tsohuwar dabara ce da masana tsaron kwamfuta suka daɗe da sani, maganinta kuma sananne ne.

Ta uku ita ce ta fi nauyi. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta a na'ura. A watan Oktoba 2020 hukumar kare bayanan jama'a ta birnin Hamburg a Jamus ta ci kamfanin tufafi na H&M tarar Yuro miliyan 35.3. Laifin shi ne, a wata cibiyar kamfanin da ke Nuremberg, shugabanni sun yi shekaru suna zantawa da ma'aikatan da suka dawo daga hutu ko jinya, sa'an nan su rubuta abin da suka ji a kwamfuta, har da irin ciwon da mutum ya yi, da rigimar gidansa, da addininsa. Manajoji har kusan 50 suna iya karantawa. Asiri ya tonu ne a watan Oktoba 2019, sa'ad da wani kuskuren saiti ya buɗe rubutun ga dukan ma'aikatan kamfanin na 'yan sa'o'i. Nijeriya ma tana da tata dokar kare bayanan jama'a wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, da hukumar da ke lura da ita. Wakilin da ya rubuta a rahoto cewa dila wane ya karye ne saboda bashi da rashin lafiyar matarsa, ya jawo wa kamfaninsa abin da bai sani ba.

Ta huɗu kuwa ita ce ta manajoji, waɗanda suke cewa in an ba rago gurbin magana, uzuri zai cika shi da shi. Wannan yana yiwuwa. Amma uzurin da aka rubuta da suna da kwanan wata ana iya bincikarsa, a buga waya a tambaya ko gadar ta karye da gaske. Uzurin da aka faɗa da baki a taro shi ne wanda ba a iya kamawa.

YADDA YA KAMATA A GINA SHI

Duk waɗannan hujjoji suna nuna yadda za a gina gurbin ne da kyau. Hanyoyin yin aikin sun samu, gama masu Power BI suna iya dasa ƙaramin fom na Power Apps a jikin allon, sauran manhajoji ma suna da nasu dabarun. Abin da ya rage shi ne sharuɗɗa.

Na farko, a ajiye magana a rumbunta dabam, kada ta taɓa lambar asali, amma a ɗaure ta da ita sosai, watau kowane bayani ya san reshensa, da kayan da yake magana a kai, da watan da yake nufi. Ta haka duk wanda ya buɗe wannan lamba, ko bayan shekara goma, zai ga bayanin a gefenta. Bayanin da aka manna a jikin zane kawai yakan ɓace ran da aka sake fasalin allon.

Na biyu, na'ura ta riƙa rubuta sunan mai bayani da lokacin da ya yi shi da kanta, ta kuma ajiye yadda lambar take a wannan lokaci, domin lissafi yakan sake bayan an yi gyara. Kada a yarda kowa ya goge abin da aka rubuta. Wanda ya ga ya yi kuskure sai ya ƙara sabon bayani a ƙarƙashin na da. Inda kuma ake neman a ji labarin haɗari ko almundahana, to a buɗe wata ƙofa dabam wadda ake ɓoye suna, kamar yadda aka yi wa matuƙan jirgi.

Na uku, a haɗa jeri da magana wuri ɗaya. Mutum ya zaɓi dalili daga jeri domin a iya ƙidayawa, sa'an nan ya rubuta layi biyu ko uku. In ya zaɓi "Sauransu" sai rubutu ya zama tilas. Bayan kowane wata uku a zauna a duba abin da ya taru a ƙarƙashin wannan kalma, dalilin da aka ga yana yawan dawowa a ba shi nasa gida a cikin jerin.

Na huɗu, a bar mutum ya rubuta da harshen da ya fi iyawa. Wakilin da ke Hadeja ko Argungu wanda aka tilasta wa Ingilishi yakan rubuta kalma biyu ya tsaya, alhali da Hausa zai faɗi abin da ya gani filla-filla. A kuma tabbata rumbun yana karɓar haruffa masu lanƙwasa, watau ƙ da ɗ da ɓ. Tsarin haruffa na Unicode ya ƙunshe su duka, amma rumbun da aka saita da tsohon tsari yakan mayar da su alamar tambaya. In kuwa ma'aikata suka gaji suka daina sa lanƙwasa, wata rana za a rasa gane ko kasa aka rubuta ko ƙasa.

Na biyar, a rubuta gargaɗi a kan gurbin cewa ba a sa ciwon mutum, ko sirrin gidansa, ko lambar asusunsa, a kuma ƙayyade waɗanda suke iya karantawa.

Na shida, wanda shi ne uban sauran, a naɗa mutum wanda aikinsa ne ya karanta, ya kuma mayar da amsa. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana tattara lissafin asibitoci ne da wata manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway take jagorancin ginawa, ake kuma amfani da ita a ƙasashe fiye da 70. A cikinta kowace lamba da aka shigar tana da wurin da za a rubuta mata ƙarin bayani, har ma a sa mata alamar a bi sawu. Watau gurbin yana nan. Abin da ya kamata kowane jami'in lafiya na jiha da na ƙaramar hukuma ya tambayi kansa shi ne, wa yake buɗe shi a ofishinsa, kuma yaushe aka mayar wa mai rubutu amsa? Ma'aikacin da ya rubuta sau uku bai ji kome ba, na huɗu zai bar wurin fayau, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Wani zai ce ai yanzu an sami manhajoji masu kwaikwayon basirar ɗan Adam, waɗanda suke iya karanta bayani dubu goma cikin ƙiftawar ido su taƙaita. Gaskiya ne, kusan ma a ce abin da Luhn ya hango a 1958 ne ya tabbata, kuma suna da amfani wajen rarraba bayanai gida-gida. Amma a lura da abu biyu. Sun fi ƙwarewa da Ingilishi a kan Hausa, balle Fulatanci ko Barbarci, balle kuma Hausar kasuwa mai cike da zaurance da taƙaitawa. Sa'an nan ɗabi'ar taƙaitawa ita ce ta riƙe abin da mutane da yawa suka faɗa, ta yar da abin da mutum ɗaya ya faɗa. Labarin matuƙan United kuwa rahoto ɗaya ne tak. Saboda haka na'ura ta taimaka da tsarawa, amma idon mutum mai sanin aikin ya bi ta kan abin da ya fita dabam.

Kamfanonin ƙasar nan suna kashe maƙudan kuɗi wajen sayen waɗannan manhajoji da biyan waɗanda suke girka su. Ƙara gurbin magana da ɗaukar mutum ɗaya mai karantawa ba zai kai kashi kaɗan na wannan kuɗi ba. Ya kamata shugabannin kamfanoni su sa shi cikin sharuɗɗan kwangila tun daga farko, ƙungiyoyin ma'aikata kuma su nemi a kafa doka a wuraren aikinsu cewa ba za a tuhumi mutum a kan jar lamba ba sai an karanta abin da ya rubuta a gefenta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda yake zaune a bene a Legas yana iya ganin ƙasa ta jiƙe a kan allonsa, amma in yana so ya san inda za a yi faci, sai ya ba mai ɗakin wurin da zai rubuta, ya kuma karanta. Allah Ya sa a gane. Sai wani mako.